Daga Ditiroit Zuwa Samaru: Faya-fayen Farko na Yusuf Latif

Cikin littattafan da aka wallafa game da kiɗan Hausa akwai wani mai suna Hausa Performing Arts and Music, wanda aka buga a Ikko cikin shekarar 1987. Mutum biyu suka rubuta shi, watau Ziky Kofoworola da Yusef Lateef. Na farkon masanin wasan kwaikwayo ne, ya kuwa daɗe yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. To, na biyun fa? Duk wanda ya ga sunan sai ya zaci wani malami ne daga Ilori ko daga Sudan. Alhali kuwa baƙar fatar Amurka ne, mabushin saksafon, wanda tun kafin a haifi iyayen wasunmu sunansa ya riga ya kai Turai da Japan. Ya zauna a Zariya shekara huɗu cur, daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin sarewa. A nan za mu riƙa kiransa Yusuf Latif, yadda bakinmu ya saba.

Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, wannan zuwa nasa Zariya bai faɗo daga sama ba. Wanda ya saurari faya-fayen da ya fara yi da sunansa, daga 1957 zuwa 1961, zai ji cewa tun a lokacin kunnensa ya riga ya karkato wajenmu, ko da yake shi kansa bai sani ba tukuna.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Huddleston. A 1925 iyayensa suka koma Ditiroit, birnin masana'antun motoci, uban kuma ya sake sunan gidan zuwa Evans. A can ya tashi, a can ya koyi busa. Cikin 1949 ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin shugabannin sabon salon jaz na wancan zamani, da sunan William Evans kuma aka san shi a ƙungiyar. A ƙarshen shekarun 1940 ɗin nan ne ya musulunta ta hannun 'yan Ahmadiyya, kamar yadda waɗansu makaɗan jaz irin su Art Blakey da Ahmad Jamal suka yi, ya ɗauki sunan Yusuf Abdul Latif. A 1950 ya koma gida Ditiroit, ya shiga Jami'ar Wayne yana karatun kiɗa, ya kuma ƙara da koyon sarewar Turawa ta ƙarfe. Sai da ya kai shekara 36 sa'an nan aka ɗauki faifai na farko da sunansa a matsayin shugaban ƙungiya. A sana'ar da yaro ɗan shekara 22 kan yi suna, wannan jinkiri ne ƙwarai. Amma da ya tashi yi, sai ya yi kamar mai biyan bashi: abin da aka ɗauka cikin 1957 kaɗai ya cika manyan faya-faye da ba su kasa 7 ba.

Ya kamata a ɗan bayyana yadda ake aikin a lokacin. Faifan garmaho irin na kakanninmu, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar fiye da minti 3 ko 4 a kowane gefe. Babban faifai mai juyi 33 kuwa yakan ɗauki wajen minti 20 a gefe guda, shi ya ba mabusa sarari su ja zarensu yadda suke so. Yusuf da yaransa suna da wurin wasa na kullum a Ditiroit. In lokacin ɗauka ya yi sai su shiga mota su yi tafiyar wajen mil 600 zuwa garin Hackensack a jihar New Jersey, wurin wani mutum Rudy Van Gelder. Shi wannan Van Gelder sana'arsa ta rana gwada ido da ba da tabarau, ɗakin ɗaukar faifansa kuwa falon gidan iyayensa ne. A wannan falo aka ɗauki da yawa daga cikin faya-fayen jaz da duniya ke ji da su har yau. Kamfanin Savoy ko Prestige ya biya, a yi ɗauka cikin yini guda, a juyo gida.

Faifan da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Jazz Mood, na kamfanin Savoy, wanda aka ɗauka a watan Afrilu 1957. Mutanen da ke ciki duk 'yan Ditiroit ne: Curtis Fuller a kan kakakin nan na Turawa da ake zugewa ana turawa, Hugh Lawson a kan fiyano, Louis Hayes a kan ganguna, Ernie Farrow a kan bes, watau babban molon nan na tsaye mai tsirkiya huɗu, sai Doug Watkins da 'yan kayan kacau-kacau. Ba wani abin mamaki a wannan tsari. Abin mamakin yana cikin kayan kiɗa biyu da aka rubuta a bayan kwalin, waɗanda yawancin masu sayen faifan ba su taɓa jin sunansu ba: argul da rababa.

Argul busa ce ta kara, ta mutanen karkarar Masar da Sham, mai murya siririya mai kaifi. Da ita aka buɗe kiɗan farko na faifan, mai suna Metaphor, kafin Yusuf ya koma kan sarewa. Rababar kuwa tsirkiya ɗaya gare ta, Ernie Farrow ke kaɗa ta da yatsa. Yusuf da kansa ya ba da labarin yadda ya same ta: wani mutumin Siriya da suke aiki tare a masana'antar motoci shi ya yi masa zancenta, ya kuma haɗa masa guda. Ban da wannan, yakan je ɗakin karatu na birnin ya yi ta binciken littattafai kan kiɗan Larabawa da Indiya da Sin. Dalilin da ya bayar mai sauƙi ne, wai ya ga in dai zai riƙa fitar da faifai bayan faifai, to tilas ya faɗaɗa abin da yake ba mutane, kada su gundura.

A cikin wannan faifai kiɗan da ya fi kama ni shi ne mai suna Morning. Don a gane abin da ya sa, sai an san yadda jaz na lokacin yake. A salon su Gillespie, mai fiyano yana danna gungun muryoyi yana sauya su da sauri, kusan kowane taku biyu ko huɗu, mabushi kuma dole ya bi ta cikinsu yana ƙirƙira nan take, tamkar mai gudu a cikin lungunan birni, kwana bayan kwana. A Morning babu wannan. Rababa ta kama ɗan gajeren zagaye ɗaya tana ta maimaitawa, ba ta gusa ba, kayan kacau-kacau na biye, saksafon kuwa ya hau kai yana tafiya a hankali da muryarsa mai kauri, yana fita yana komowa. Masana tarihin jaz sukan ce faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue, shi ya yayata irin wannan zama a wuri ɗaya. Gaskiya ne shi ya yayata, amma ga Yusuf nan ya taɓa abin shekara biyu kafin nan.

To, jama'a, ina Bahaushen da zai ji wannan ya ce baƙon abu ne? Ai ginin kiɗanmu ke nan. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi shekaru aru-aru da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ɗan zagaye guda yake kamawa ya ɗora labari a kai har ya gama. Kalangan Shata ba sa sauya hanya a tsakiyar waƙa, shi ne ke hawa yana sauka a bisansu. Abin da masu sharhi a Amurka suka riƙa kira kiɗan Gabas mai ban al'ajabi, mu a nan da shi aka yi mana reno.

Watanni shida bayan haka, daga 9 zuwa 11 ga Oktoba 1957, suka sake komawa falon Van Gelder. Kwana uku suka yi, aka fitar da faifai huɗu: Jazz and the Sounds of Nature da Prayer to the East na Savoy, sa'an nan The Sounds of Yusef da Other Sounds na Prestige. A The Sounds of Yusef ne aka yi abin da har yanzu ake labari. Cikin kiɗan Love and Humor an yi amfani da kwalbar 7Up, ana busa bakinta, da kuma balan-balan irin ta yara, ana murza ta tana ƙara. A ganina wannan kiɗa bai kai Morning ba ko kusa. Wasa ne, sunansa ma ya nuna haka, in an ji shi sau biyu ya isa. Haka kuma ba zan ɓoye ba, a waɗansu wuraren argul ɗin ado ne kawai na bakin ƙofa: a busa ta a buɗe, a ajiye, a koma jaz irin wanda aka saba. Amma tunanin da ke bayan kwalbar ba wasa ba ne, watau duk abin da ke ba da sauti ya isa a kira shi kayan kiɗa in ya sami hannun da ya iya. Matan da ke kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, da 'yan matan da ke lugude a turmi, da yaran unguwarmu Hotoro da ke bin gidaje da gwangwani lokacin tashe, ba wanda ya taɓa karanta musu wannan a littafi. Marigayiya Barmani Choge da ƙwarya ta ci abinci har ta bar duniya.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi kusa da mu duka. Wajen 1958 Yusuf ya fara fitowa da obo, bayan ya koye ta wurin wani mabushin babbar ƙungiyar kiɗan Turawa ta Ditiroit. Obo ba kayan jaz ba ce. Tana da wuyar sarrafawa, muryarta kuma tsayayya ce, ba ta son a lanƙwasa ta, jaz kuwa duk lanƙwasa ne. Shi ya nace har ya sa ta yi kuka irin na waƙoƙin baƙin ciki na baƙaƙen Amurka, waɗanda ake kira buluz. A faifansa The Dreamer na 1959 akwai kiɗan da ya kira Oboe Blues. Mai karatu zai ce, me ya haɗa mu da obo? Dangantaka ce ta jini. Obo da algaita gida ɗaya suka fito: kowaccensu ana sa mata ɗan kara mai leɓe biyu a baki, iska ta bi ta tsakaninsu su yi rawa, sauti ya fita. Sunan algaita ma daga Larabcin Magrib muka samo shi, inda suke da tasu gaita. Turawa sun ɗauki tasu sun yi mata maɓallan ƙarfe sun tausasa muryarta don ta zauna lafiya cikin taron goge, mu kuwa muka bar tamu da ƙarfinta don ta yi wa sarki take a fili, a ji ta daga nesa ranar Hawan Daushe. Yusuf, da ya riƙa matsa wa obo tana tsagewa tana karkarwa, kamar yana mayar da ita inda ta fito ne.

Bari in ɗan ratse. A daidai wannan zamani akwai wani mabushi makaho, Roland Kirk, wanda daga baya ya ƙara Rahsaan a sunansa. Shi yakan cusa ƙahoni uku a baki ya busa su lokaci guda, faifansa na farko ma, na 1956, Triple Threat aka sa masa. Abin da ya fi ba 'yan kallo mamaki game da shi shi ne yakan ja busa minti da yawa ba tare da ya tsaya shan iska ba, yana shaƙa ta hanci yana turawa da kumatu. A Amurka abin ya zama kamar sihiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya ga kumatun nan a kumbure, ya san darasin farko ke nan da ake koya wa ɗan gidan.

Ƙarshen wannan zango na farko shi ne Eastern Sounds, wanda aka ɗauka ranar 5 ga Satumba 1961, bayan Yusuf ya koma Niyok da zama. Barry Harris ke kan fiyano, Lex Humphries kan ganguna, Ernie Farrow na nan da bes da rababarsa. Shi ne faifansa da ya fi shahara. Mutane da yawa saboda kiɗan fim ɗin Spartacus suke sonsa, wanda ya busa da obo cikin taushi. Ni kuwa na farkon nake so a saurara, The Plum Blossom. Da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya yi shi, mai siffar ƙwai, wadda ya karanta labarinta a littafi sa'an nan ya je ya nemo a unguwar Sinawa ta Niyok. Muryoyin da take iya bayarwa ba su wuce 5 ba. Mutumin da ke da saksafon mai maɓallai sama da 20, wanda ya yi zama da Gillespie, ya ajiye duk wannan ya ɗauki abin da bai fi tulun wasan yara ba, ya yi ta juya 'yan muryoyin nan har kusan minti biyar, ba kuwa za ka ƙosa ba. Sarewar makiyayi ramuka huɗu gare ta. Wanda ya yarda a 1961 cewa muryoyi biyar sun isa a faɗi magana, ba zai raina ta ba in ya gamu da ita.

A nan sai a yi hattara. Akwai wata ɗabi'a da ke damun mu ɗalibai, da mun ga kama sai mu ce namu ne aka sata. Babu Hausa ko ɗaya a faya-fayen 1957. Abin da Yusuf ya ɗebo daga Larabawa ne da Indiya da Sin, ginshiƙinsa kuma buluz ne na kakanninsa, wanda bai taɓa saki ba. Kamar da muke ji tana da dalilinta: mu ma algaita da goge sun zo mana ta hanyar Sahara, daga wannan babban gida da ya leƙa. Shi ya shiga ta ƙofar gabas, mu muna zaune a shiyyar kudu, gidan dai ɗaya ne.

Afirka kuwa ta Kudancin Nijeriya ya fara taɓa ta. A Nuwamba 1960, wata guda bayan mun sami mulkin kai, yana cikin mabusan da Randy Weston ya tara don faifan Uhuru Afrika na murnar 'yancin ƙasashen Afirka, tare da makaɗin nan Babatunde Olatunji, mutumin Ajido ta wajen Badagiri. A 1962 ya shiga faifan Art Blakey mai suna The African Beat, tare da Solomon Ilori, inda har ƙahon saniya ya busa. Daga nan ya yi shekara biyu da ƙungiyar Cannonball Adderley, ya koma makaranta, ya yi digiri na ɗaya da na biyu a kan kiɗa, a 1975 kuma ya sami digirin dakta a fannin ilmi daga Jami'ar Massachusetts, da nazari kan ilmin Turawa da na Musulunci. Kalmar jaz ma ya ƙi ta, ya ce tana ɗauke da ma'anonin raini, ya ƙirƙiro wata doguwar kalma tasa mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Wajen 1980 ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya, a sana'ar da rabin abincinta a irin waɗannan wurare yake.

Wannan shi ne mutumin da ya sauka Samaru a watan Agusta 1981, yana da shekara 60, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya koyar, ya yi aiki da makaɗan cibiyar, ya bi diddigin sarewar Fulani. A 1983 cibiyar ta fitar da faifansa mai sunan Hausa, Hikima. A shekarar kuma aka ɗauki wani a Ikko tare da makaɗan Nijeriya, wanda ya fito a Amurka cikin 1985 da sunan In Nigeria. A cikinsa ba fiyano, ba bes, sai busa da murya da ganguna. In ka ajiye shi kusa da Morning za ka ji hanya ɗaya ce, an dai kai ƙarshenta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu ɓangaren. Mu ɗaliban Hausa mun yi nisa a nazarin waƙar baka. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan Shata, bayansa kuma an yi kundaye ba iyaka kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da sauransu. Amma duba abin da muke yi da su: mu juyi kalmomin a takarda, mu fitar da jigo da salo da zubi, mu rufe. Kiɗan da ya ɗauki kalmomin sai mu ba shi layi biyu, mu ce da kotso ake yi ko da kalangu. Busa kuwa, da yake ba ta da kalmomin da za a juya, kusan ba ta da mai ita a sashenmu. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da ake dogara da shi har yanzu na David Ames da Anthony King ne, na 1971. Ina jin akwai wani dalili kuma wanda ba mu cika son faɗa ba: a al'adarmu makaɗi maroƙi ne, ɗan boko kuwa yana ganin zubar da girma ne ya zauna gaban mai sarewa ya ce koya mini. Dakta Yusuf, da furfurarsa da sunansa, bai ga haka ba.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi in ka hau titin Zariya, wajen mil 100 ne tsakaninka da inda ya zauna. Kafin ka bar gari ma, in ka karkata titin Gidan Zu ka leƙa ɗakunan da ake haɗa waƙoƙin fim, za ka ji sarewa, za ka ji algaita, amma da wuya ka ga mai busa su: maɓalli ne ake dannawa a fiyanon lantarki. Sautin da ke fita kuwa a daidaice yake bisa ma'aunin Turawa, babu ɗan karkacen nan da shaƙewar iska da ke sa ka gane sarewar makiyayi tun daga nesa. Ga shi a yau kowannenmu na yawo da na'urar ɗaukar sauti a aljihu wadda ta fi ta falon Van Gelder sauƙin aiki, mabusan kuwa suna nan a fada da rugage, suna tsufa.

Yusuf Latif ya koma Amurka a 1985 ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts. A 1988 ya sami kyautar Grammy saboda faifansa Little Symphony, wanda shi kaɗai ya kaɗa ya busa duk abin da ke ciki. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a garin Shutesbury, yana da shekara 93. Faifan Hikima kuwa, wanda jami'armu ta Zariya ta fitar, ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru, sai a 2019 wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje ya sake buga shi.